Mai Lalle a Gonar Alhaji Sada

Ba zan taɓa mantawa da ranin nan ba, ko da na so in manta, don mutanen fadamarmu ba za su bar ni ba. Shi ne ranin da ya biyo bayan cire tallafin man fetur, lokacin da mai injin ban-ruwa ya koma kallon jarkarsa kamar kwalbar turare mai tsada: a ɗiga kaɗan, a rufe, a yi ajiyar zuciya. Duk wanda ya yi noman rani a shekarar ya san abin da nake faɗi.

Ni mutumin Ƙofar Durbi ne. Sana'ata ta asali rubutu ce, ina kwafar littattafai da ajami, da yamma kuma ina karantar da magidanta a zaurena. Noma kuwa gado ne. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya bar mini 'yar gona a fadama can bayan gari, ya kuma bar mini irin wata tsohuwar shinkafa wadda gindinta ja-ja ne kamar ƙafar amarya. Mai Lalle ake ce mata. Duk fadamar an daina shuka ta, sai ni kaɗai. (Ku riƙe wannan maganar, za ta dawo ta same ni.)

Wanda muka haɗa iyaka da shi a gona shi ne Alhaji Sada, aminina tun muna yara, mai rumfar hatsi a kasuwa. Mutum ne marar yawan magana. Shekaru da dama da suka wuce an yi mini aikin ido, na daɗe ban riƙe alƙalami ba, gidana ya shiga wani hali da ba na son tunawa. Wata safiya aka rako ni daga masallaci, sai na yi tuntuɓe da buhun gero a zaure. Ba wanda ya ga mai kawowa. Amma da na shafa bakin buhun na gane ƙullin. Duk Katsina ban san mai ɗaure buhu da irin wannan ƙulli ba sai Sada. Ban taɓa yi masa maganar ba, shi ma bai taɓa nuna ya san an yi ba. Haka aka tarbiyyantar da mu: in za ka rufa wa ɗan'uwanka asiri, ka rufa har da kanka.

Sai dai abin ya zauna mini a rai. Shekara da shekaru ina neman hanyar ramawa, mutumin nan kuwa ko ciwon kai ba ya yi a gabana. Allah ya gafarta mini, har nakan ji kamar ina jiran ranar da zai ɗan shiga matsi.

To a ranin nan sai na ga kamar ranar ta zo.

Ni na yi dashena yadda muka gada: dashen da ya kwana wata guda ko fiye a wurin reno, a damƙo biyar ko shida a cusa wuri ɗaya, a cika fangali dam, a sako ruwa ya tsaya har ka ga fuskarka a ciki. Na miƙe ina share zufa, na leƙa gonar Sada. Wasu 'yan tsiri-tsirin dashe ne, ganye biyu-biyu, ɗaya a nan, ɗaya can, tsakaninsu ya fi taƙi guda. An ja su a layi sarai, ba karkace. Ni da idon marubuci, sai na ga kamar takardar da aka ɗiga wa ɗigo aka manta da baƙaƙen. Ruwa kuma babu, sai danshi.

Na ce, “Alhaji, lafiya? Tsuntsaye ne suka yi maka ɓarna a wurin reno?”

Ya ce, “A'a Malam, sabon tsari ne. Malamar gona ta koya mana. Ana cire dashen tun shina jariri, a dasa ɗaya-ɗaya, a ba shi fili ya yi 'ya'ya. Ruwa kuma ba a tsayar da shi. A jiƙa, a bari ƙasa ta sha iska, a sake jiƙawa. Iri kaɗan, mai kaɗan.”

Wallahi abin da ya faɗa ke nan, bai rage mini komai ba. Amma ni a cikin duk bayanin, kalma huɗu kunnena ya tsinta: iri kaɗan, mai kaɗan. Na kalle shi cike da tausayi, na gyaɗa kai a hankali, na ce, “Haka ne, Alhaji. Sabon tsari.” A zuciyata kuwa cewa nake, Allah sarki, mai kara ke nan. Ba shi da kuɗin iri, ba shi da kuɗin mai, shi ne ya sa wa abin suna.

Abin da ban sani ba a lokacin (ku dai ku sani tun yanzu) shi ne ƙungiyar manoman fadamarmu ta samu alkawarin injin ban-ruwa mai aiki da hasken rana. Sharaɗin shi ne mutum ɗaya ya ba da gonarsa a gwada sabon tsarin daga dashe har girbi, ba ƙari ba ragi. In aka saɓa, injin ya wuce wata fadamar. Sada ne ya ba da gonarsa, ya kuma ba da kalmarsa a gaban jama'a. Ni ba na zuwa taron ƙungiya, don yana cin karo da karatun zaure, kuma a ganina mutumin da ya gaji noma ba ya buƙatar a kafa masa benci a koya masa.

Da na koma gida na labarta wa maiɗakina. Ta ce, “Malam, ka tabbata? Shekaranjiya Hajiyar gidansu ta zo da sabon leshi.”

Na ce, “Ke ba ki san masu mutunci ba. Su ne za su sa leshi su kwana da yunwa.”

Ta ce, “To ai sai ka tambaye shi.”

Na ce, “In tambaye shi in tona masa asiri?” Ta yi shiru ta ci gaba da tankaɗe. (Daga baya na lura duk lokacin da ta yi irin wannan shirun, akwai abin da ke jirana a gaba.)

Aka yi kamar mako biyu ina kallon gonar ina jimami. Gaskiya 'yan dashen sun fara tofo, amma ni filin da ke tsakaninsu kaɗai nake gani. Sai ga Sada ya same ni a zaure, ya ce ƙanensa ba lafiya a Zariya, zai je ya dubo shi, 'yan kwanaki zai yi. Ya ce, “Ka riƙa leƙa mini gonar saboda awaki. Ruwa kuwa kada ka damu, na ba ta jiya. Ana so ta ɗan bushe.”

Ana so ta ɗan bushe! Na ji hawaye na neman zubo mini. Ga tsadar mai, ga jinya, ga shi har yanzu yana ƙoƙarin ɓoyewa. Na ce, “Ka tafi hankalinka kwance, Alhaji. Gonarka tana hannun Allah.” Ban ƙara da cewa tana kuma hannuna ba.

Washegari da na idar da Asuba na hau babur. Na tarar ƙasar gonar ta fara 'yan tsage-tsage siriri. Wannan ya ƙarasa ni. Ina da ragowar dashe a wurin renona, ya girma har ya fara tsufa. Na tuɓe riga, na naɗe wando, na yi bisimilla, na shiga cike gurbi. Duk inda na ga fili tsakanin dashe biyu sai in danna damƙi guda. Ni a aikina ba na barin gurbi a takarda, ina dalili zan bar shi a gonar aminina? Ban ɗauki ɗan ƙwadago ko ɗaya ba, don kada magana ta fita. In na hango wani tafe sai in tsallaka gonata in yi kamar ina cire ciyawa.

Sa'an nan na ɗauki man da na ware don gonata, na tayar da injina, na juya bututu, na sako ruwa har fangulan suka cika suna ƙyalli. Na tsaya a bakin gona ina kallo, zuciyata fari tas. Har na tuna da abin da nake karantar da mutane game da sadakar ɓoye, na ji kamar da ni ake.

Allah da ikonsa, rabin gonar kawai na iya. Bayana ya riƙe, dashen ya ƙare, man ma ya ƙare. A lokacin na yi baƙin cikin haka. Yanzu kuwa ina ganin wannan ciwon bayan yana cikin manyan ni'imomin da Allah ya yi mini.

Ana nan sai na ji ana cewa ranar Asabar za a yi taro a gonar Sada, har da baƙi daga ofishin aikin gona. Shi kuma ya aiko cewa daga tasha can zai zarce. Na ce alhamdu lillahi, ashe na fid da shi kunya a kan kari. Da baƙi sun zo sun tarar da wannan gona duk gurbi, ina zai sa kansa? Na sa babbar riga mai aiki, na murza hula, na je da wuri na samu wuri mai kyau, inda zan ga fuskarsa sosai lokacin da zai ga abin arziki.

Jama'a suka taru. Ga shugaban ƙungiya, Alhaji Mani, mutum mai baki kamar reza. Ga baƙi biyu da huluna masu malfa. Ga malamar gona, Malama Bilkisu, wadda tana ƙarama a gabana ta yi karatun Alƙur'ani, har yau Baba Malam take ce mini. Tana tafe tana yi wa baƙin bayani, Sada na biye da jakar tafiyarsa a kafaɗa. Suna kawowa bakin gona sai maganarta ta yanke.

Na zuba wa Sada ido. Ina jiran in ga ya ɗaga hannu sama. Sai na ga jakar ta zame daga kafaɗarsa ta faɗi ƙasa.

Malama ta ce a hankali, “Alhaji, ba haka muka yi da kai ba.”

Ya ce, “Wallahi Malama, ba haka na bar ta ba.”

Alhaji Mani ya ce, “To aljanu ne suka yi maka gayya? Sada, in ka san zuciyarka ba ta natsu da abin ba, mi ya sa ka karɓa? Ga mutane nan da yawa sun so. Yanzu ka ja mana injin ya tafi.”

Wane inji? Ni dai ban gane ba. Na ɗauka mamaki ne ya ɗaure wa kowa kai. Shirun ya yi yawa, na ga ya kamata wani babba ya sa albarka. Sai na gyara murya irin ta karatu, na ce, “To, ko wane ne ya yi wannan aiki, Allah ya saka masa da alheri.”

Ba wanda ya ce amin. A rayuwata ban taɓa yin addu'a a cikin taro ta faɗi ƙasa haka ba.

Ɗaya daga cikin baƙin ya fara bayanin sharaɗi, da inji, da wata fadamar da ke jira. Sai a lokacin na gane abin da na aikata. Na kalli Sada. Dattijo mai furfura, ana kallonsa kamar wanda ya karya alkawari, yana ta rantsuwa, ba wanda ya gaskata shi. Na buɗe baki zan yi magana, na rasa ta inda zan faro. Kafin in samo, Alhaji Mani ya tattare riga ya shiga ruwan, ya tumɓuko damƙi guda, ya ɗauraye, ya ɗaga sama.

Gindin ja wur.

Ya ce, “Jama'a, wannan ba Mai Lalle ba ce?”

Kawuna suka juyo gaba ɗaya, kamar sahu ya yi sallama. Kwana da kwanaki ina laɓe-laɓe kada a gan ni, ashe na bi gonar mutum ina sa hannu a kowane layi.

Sada ya ce, “Malam? Kai?”

Na ce, “Ni ne, Alhaji.”

“Mi na yi maka?”

A nan ne na yi wadda ta fi ta farko. Da na ce kuskure ne na yi shiru, da an wuce wurin. Amma na ga kamar yana zaton hassada ce, sai na ruɗe, na ɗaga murya don kowa ya ji niyyata mai kyau: “Wallahi ba da mugunta ba ne! Na ɗauka talauci ne ya kama ka, ba ka da kuɗin iri da na mai, kana jin nauyin faɗi!”

Ni da na fito rufin asiri, ga ni tsaye cikin babbar riga ina shelar talaucin aminina a gaban baƙi daga ofis. Talaucin da ma babu shi.

Alhaji Mani ne ya fara. Dariya ta kama shi har ya zauna daɓas a bakin fangali. Sauran suka ɗauka. Wani daga baya ya ce, “Alhaji Sada, a kawo maka zakka gida ko rumfa?” Sada bai yi dariya ba. Ya ce, “Malam, ban gaya maka da bakina ba? Na ce maka sabon tsari ne.”

Na ce, “Ka faɗa.”

“To?”

“Na ɗauka kara ce.”

Malama Bilkisu ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Da ta natsu ta ce, “Baba Malam, zo ka gani.” Ta kai ni ɓangaren da hannuna bai kai ba, ta durƙusa ta buɗa gindi ɗaya da yatsa. Ƙwaya ɗayan nan da na raina ta riga ta fid da 'ya'ya ta ko'ina. Ta ce filin nan da nake gani ba gurbi ba ne, wurin 'ya'yan da ke tafe ne. Saiwa kuma tana son iska kamar yadda take son ruwa, in aka nutsar da ita kullum sai ta ragwance. Da ladabi ta yi maganar, irin ladabin da ya fi zagi ciwo.

Suka koma gefe ita da baƙin suka yi shawara. Ta roƙe su, tunda mai gona bai saɓa ba, kuma rabi na nan yadda aka tsara, a bar gwajin ya ci gaba. Ta ce ɗaya rabin ma kada a taɓa shi, a bar shi a tsohon tsari, ido ya gani da kansa. Suka amince. Sai Sada ya ce yana da sharaɗi ɗaya.

“Wanda ya fara shayar da wannan ɓangaren, shi zai ci gaba. Da injinsa, da mansa, har girbi. Ni matalauci ne.”

Haka kuwa aka yi. Ranin nan kaf ina sayen mai ina tsayar da ruwa a gonar wani. Gefe guda Sada na jiƙa tasa jefi-jefi, yana tura 'yar na'urar cire ciyawa tsakanin layuka, yana zuba takin gargajiya. Aka sa wa wurin suna Ɓangaren Malam. Manoma daga wasu fadamun suna zuwa kallo, a nuna musu nan, a nuna musu can, a nuna musu ni. A majalisa kuwa, ko tari Sada ya yi sai Alhaji Mani ya ce, “Ku ɓoye, kada Malam ya ji ya kai shi asibiti da ƙarfi.” Maiɗakina kuwa sai ta ajiye mini man zafi kusa da shimfiɗa.

Da shinkafa ta fid da kai, ko makaho ya shafa zai gane. Ɓangaren Sada kowane gindi ya buɗe kamar tsintsiya, zangarniya ta sunkuya da nauyi. Nawa ɓangaren ya yi tsayi, ya cushe, wani wurin ya kwanta. Ranar girbi aka tara buhunan kowane ɓangare daban, ba sai an yi gardama ba. Mutanen da suka yi ta jan ƙafa tun farko, a wurin suka ce a sa da su baɗi. Ba a daɗe ba aka kawo injin.

Da yammacin ranar da aka kafa shi muna zaune ni da Sada a bakin gona, ruwa na zuba ba ƙara ba hayaƙi. Na ga in ban faɗa yau ba, ba zan ƙara samun fuska ba. Na ce, “Alhaji, ka san abin da ya kai ni? Buhun geron nan ne. Shekarar da aka yi mini aikin ido.”

Ya ce, “Wane buhu?”

Na ce, “Na gane ƙullinka.”

Ya ce, “Ni ban san zancen buhu ba. Amma in ma wani ya kai, ai an biya shi. Da ni kaɗai na yi gwajin nan, cewa za su yi ƙasata ce mai kyau. Sai da suka ga taka ɓarnar a gefe suka yarda. Ka ba da manka, ka ba da bayanka, ka ba da mutuncinka. Buhun gero bai kai haka ba.” Ya miƙo hannu muka tafa. Ya ƙara da cewa, “Sai dai don Allah, Malam, in ka ga na rame, ka fara tambayata.”

Bana ni ma ɗaya-ɗaya na dasa Mai Lalle, Sada na riƙe da bakin igiya ɗaya ina riƙe da ɗaya. Har yanzu in na ga filin nan tsakanin dashe hannuna yakan yi ƙaiƙayi, sai in sa shi a aljihu. Na kuma rage tsawon bayani in karatun zaure ya kawo kan sadakar ɓoye, don ɗalibaina sun san labarin, ina gani suna sunkuyar da kai. Abin da nake gaya musu yanzu kaɗan ne: in mutum ya ce maka lafiya lau yake, ka ɗan yi zaton ko gaskiya ya faɗa. Shi Sada ya yi tasa sadakar ɓoyen shekara da shekaru, har yau yana musu. Ni tawa ko mako ba ta yi ba ta fito da jan ƙafarta tana nuna ni.